Shin gyaran hanji na iya ƙarfafa ƙashin tsofaffi?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Likita ya ce ƙasusuwan mahaifiyarmu, wadda ta haura shekara 60, sun fara zaizayewa. An ba ni shawarar in saya mata ƙwayoyin maganin da ke ɗauke da bakteriya masu amfani, wai lafiyar hanji ce tushen ƙarfin ƙashi. Ina roƙon masu sani su bayyana mini gaskiyar wannan magana kafin mu kashe kuɗi.

Malamin Sinadarai: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar tana da tushe. Bakteriyar babban hanji suna cin dusa da zaren ganyen da cikinmu ba ya iya narkarwa, su mayar da su wasu sinadarai masu tsami, kuma wannan tsamin yana narkar da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, ta yadda jiki zai fi shanye shi. A wani bincike da aka buga a shekarar 2018, a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin, an gwada wata bakteriya mai suna Lactobacillus reuteri a kan mata 90 masu shekara 75 zuwa 80, aka tarar bayan shekara guda cewa asarar ƙashin da waɗanda suka sha ta suka yi kusan rabin ta waɗanda ba su sha ba ce. Sai dai gwaji ne ƙarami, a kan nau'i guda, don haka bai zama hujja ga duk abin da ake sayarwa a kemis ba.

'Yar Jos: Ni abin da ya fi damuna shi ne kalsiyam ɗin kansa, domin bakteriya ba za su samar da abin da babu shi a kwano ba. Binciken da aka buga a 1999 kan yaran Jos masu lanƙwasassun ƙafafu ya nuna cewa kimanin miligiram 200 suke samu a rana, kuma kalsiyam ya fi bitamin D shi kaɗai warkar da su. Mace mai shekarun Mama tana buƙatar kusan miligiram 1,200 a rana. Ki dage mata da kindirmo, miyar kuka, zogale da ƙananan kifin da ake ci har da ƙaya.

Malamin Sinadarai: Haka ne, ranki ya daɗe. Gero da dawa suna da wani sinadari da ke riƙe kalsiyam, amma jiƙawa da barin gasara ta yi tsami, kamar yadda ake yi wa koko, yana rage shi. Idan likita ya rubuta mata maganin zaizayar ƙashi, kada abinci ya sa a ajiye shi.