Tayoyin roba na ₦260,000 a jikin kejin failin: in biya ko a buga biskit?

Mai Albasa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar wanda ya taɓa yin failin a Legas, wato kafa turakan kankare a cikin ƙasa don su ɗauki gini. Fili gare ni a bayan Mile 12, ɓangaren da ruwa ke kwanciya da damina. Bene hawa biyu nake so, shaguna a ƙasa, ɗakuna a sama. An gwada ƙasar, injiniya ya ce fandisho irin na kullum ba zai riƙe ba, sai an kafa turaka 24 na kankare, faɗin kowanne milimita 450, zurfi mita 12. An gama ɗaure kejin rodin da za a zura a kowane rami, ranar Litinin injin haƙa zai shigo. To jiya sai ga ɗan kwangila da wata takarda, wai tayoyin roba guda 480 da za a maƙala a jikin kejin don kar rodi ya taɓa bangon rami, ₦260,000. Mai ɗaurin rodi kuma ya ja ni gefe ya ce asarar kuɗi ce, da buhun siminti ɗaya zai buga min biskit, wato 'yan ƙananan dunƙulen kankare da ake tokare rodi da su, ko ma a bari haka tunda kankare zai cike ramin. A rami mai ruwa da laka, biskit ɗin hannu zai yi, ko lallai sai tayar? Aljihu ya yi zafi, albasa ba ta tafiya.

Baba Magini: Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka bari a yi maka wayo. Tun kafin a haifi wasu a nan nake zuba dakin, wato rufin kankare na bene, a Kano, ɓallin bulo ko tsakuwa muke cusawa a ƙarƙashin rodi, ga gine-ginen nan tsaye. Wace irin roba kuma?

Ɗan Sabon Gari: Ni abin da ban gane ba, me ya kai ka gini a cikin fadama? Kuɗin da za ka binne a ƙarƙashin ƙasa ya isa ka tayar da gida sukutum a Zariya. Sayar da filin kawai.

Mai Albasa: Ɗan'uwa, a nan kasuwata take, a nan yarana ke makaranta. Baba kuma ba dakin nake magana ba, rami ne a tsaye kamar na burtsatse.

Injiniya Kaduna: Alhaji, ga yadda abin yake. Ƙarfe a cikin kankare mai kyau ba ya tsatsa, sinadarin siminti ne ke kare shi. Amma sai kankaren ya lulluɓe shi da kauri ta kowane gefe. Inda aka zuba kankare kai tsaye a jikin ƙasa, kaurin da aka saba nema milimita 75 ne, kusan inci 3. Shi ya sa za ka ga faɗin kejinka bai wuce milimita 300 ba alhali ramin 450 ne. Keji mai tsawon mita 12 kuwa ba ya sauka a miƙe, lanƙwasa yake yana jingina da bango. Duk inda ya jingina, rodi ya haɗu da laka ke nan, kuma ba wanda zai gani. Tsatsa in ta kama, kumbura take ta ninka girman ƙarfen, ta tsaga kankaren daga ciki.

Biskit mai fuska shimfiɗe na dakin ne da filla, inda yake zaune a kan katako. A rami kartar bango yake yi yana zubar da ƙasa zuwa gindi, ko ya nutse a laka, ko wayar ta tsinke ya faɗi. Taya kuwa mirginawa take. Ƙa'idar Turawa ta irin wannan aiki ta ce aƙalla guda 3 a kowane zagaye, kuma kar tsakanin zagaye da zagaye ya wuce mita 3. Mutuminka ya lissafa 4 a zagaye 5, shi ne 20 a kowane turke. Lissafin ba laifi.

Baba Magini: Ƙa'idar Turawa a ƙasar Turawa. Ku 'yan boko kun iya tsorata mai kuɗi.

Injiniya Kaduna: Baba, da girmanka. Ƙasar Kano busasshiya ce, tana rufa wa aiki asiri. Wannan turken a cikin ruwa zai zauna har abada. Kuma ko a Kanon, ɗaga kai ka duba ƙarƙashin tsofaffin baranda, za ka ga inda kankare ya ɓalle rodi ya fito ja wur. Ɓallin bulon nan ne, shan ruwa yake ya kai wa ƙarfe.

Abu Hanifa Ajah: Alhaji ka biya. Wallahi ka biya ko bashi za ka ci. Ni aka yi wa, ba labari aka ba ni ba.

Kuɗin yayana ne da ke aiki a Jidda, shekara da shekaru yana tarawa, ya ce in tsaya masa a kan gini a wajen Ajah. Wurin yashi ne da ruwan gishiri, ka haƙa kaɗan ruwa ya taso. Muka ba wani kamfani failin. Ranar da aka fara na ga suna zura keji tsirara, na tambaya, shugaban aikin ya yi dariya ya ce Malam je ka sha inuwa, nauyin kankare ne zai tsayar da shi a tsakiya. Ni me na sani? Tireda ce sana'ata. Da aka gama aka zo fasa kawunan turakan don a ɗaura su da fandisho, sai ga abin kunya. Wani kejin ya koma gefe ɗaya gaba ɗaya, nan kankare ya kai tafin hannu biyu, can kuwa da farce za ka taɓa rodi, laka manne a jiki. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Injiniyan da ya zana ginin ya zo ya duba, ya ce ko za a yanka shi ba zai sa hannu ba. Aka kawo masu gwaji da na'ura suna buga guduma a kan kowane turke, wani kuɗin. Ƙarshe sai da aka haƙa sababbi a gefen waɗanda suka lalace, aka sake zanen fandishon ya ƙara faɗi. Mai kamfanin ya kashe waya. Na je ofishinsu na tarar da mai gyaran gashi a wurin.

Kuɗin bai dame ni kamar maganar da ta biyo baya ba. A gida aka ce na ci kuɗin ɗan'uwana. Matarsa ta daina gaisawa da tawa. Har mahaifiyarmu ta rasu maganar nan ba ta mutu ba.

Maman Khalil: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Mama, ya daidaita tsakaninku.

Ɗan Sabon Gari: Amin. Shi ya sa ni ko sisin ɗan'uwa ba na riƙewa a kan gini. Amana a wannan zamani wuta ce.

Injiniya Kaduna: Allah ya jiƙanta. Malam Abu, da bututu suka zuba kankaren ko daga sama?

Abu Hanifa Ajah: Wane bututu? Da kwanon sarki leburori ke juyewa daga baki, ruwa na fantsama.

Injiniya Kaduna: To ka ga matsalarka ta wuce ta taya. A rami mai ruwa, bututu ake zurawa har gindi, kankare ya riƙa tasowa daga ƙasa yana koro ruwa da laka sama, bakin bututun kuma ba ya fita daga cikin kankaren har a gama. In aka juye daga sama, ruwa ya wanke simintin, tsakuwa ce kawai ke isa ƙasa. Alhaji Mai Albasa, wannan ma ka tambaya kafin Litinin.

Abu Hanifa Ajah: Duk ɗaya ne Injiniya. Wanda ya ci kuɗin abu ƙarami zai ci na babba. Kuma har yau yayana bai tako gidan ba, haya muka zuba. Na rantse masa da Alƙur'ani a gaban kawunmu, ya ce ya ji, amma na san bai ji ba.

Auwalu Kayan Gini: Allah ya kyauta. Amma maganar farashi, an cuce ka Alhaji. Tayar roba ₦200 muke bayarwa, in za ka ɗauki buhu ma a rage. 480 ba ta kai dubu ɗari ba.

Ɗan Agege: Wace ₦200? Watan jiya na saya wa maigidana a ₦650 guda, sai da aka yi ciniki ma.

Auwalu Kayan Gini: To kai aka yanka.

Injiniya Kaduna: Ba abu ɗaya kuke magana a kai ba. Ta ₦200 ƙaramar ce, ta filla da bango, mai ba da milimita 25 ko 40. Ta failin babba ce, faɗinta ya kai na faranti ƙarami, kuma dole bakinta ya dace da kaurin ringin kejin. A cikin manyan ma akwai ta narkakkiyar roba mai ƙarau. Ka sa a kawo maka guda, ka maƙala a rodi ka taka da ƙafa. In ta fashe a ƙarƙashinka, ba za ta jure keji ba.

Bakano Na Asali: A ba Bazazzagi ya taka, in ta jure tumbinsa an gama gwaji 😂

Ɗan Sabon Gari: Ji Bakano. Ku da in an bar ku murfin jarka za ku huda ku ce taya ce, ku kai Kantin Kwari ku sayar.

Maman Khalil: Ku bar wasa, mutum na da aiki ranar Litinin. Alhaji, ni lissafin kayan gini na karanta, kuma shi nake yi. Kafin ka yi gardamar ₦200 ko ₦650, ɗauko takardar farko da kuka sa wa hannu. A al'adar lissafi, wayar ɗauri da biskit suna cikin kuɗin rodi, ba a ware musu layi. In ya karɓi aikin a kan zanen da aka rubuta kauri 75, to shi ya san yadda zai samar da 75 ɗin. Sai fa in kai ka sayi rodin ka kawo mai ɗaurinka, shi haƙa da zubi kawai ya karɓa.

Mai Albasa: Hajiya ni na sayi rodin, mai ɗaurin ma yaron unguwarmu ne.

Maman Khalil: To nauyin ya dawo kanka. Amma ba dole ta hannunsa za ka saya ba.

Baba Magini: Yanzu har mata ke koya mana gini. Duniya ta zo ƙarshe.

Maman Khalil: Baba, ban koya maka riƙe cokalin gini ba, ba zan iya ba. Takarda na ce ya duba.

Ɗan Agege: Ni dai tambayata, wannan Injiniyan da kowa ke bi, wa ya san shi? Yana da rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista? Kowa ya sa hular kwano yanzu injiniya ne. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Nuwamban 2021, ba 'yan boko ne a wurin ba? Mutum sama da 40 suka tafi.

Injiniya Kaduna: Gaskiyarka, kar ya bi ni. Yana da injiniyan da ya ga sakamakon gwajin ƙasar ya buga hatiminsa a zane. Ya kira shi ya zo ya tsaya a kan turke na farko. Wanda bai ga ƙasar ba, har da ni, hasashe yake.

Usman Kafinta: Akwai hanya ta uku da ba wanda ya faɗa. A wani aiki da na yi a Lakwaja kusa da kogi, mu muka buga tayoyin da kanmu. Bututun roba mai faɗin inci 6 muka yayyanka gajere-gajere, muka cika da kwaɓi mai ƙarfi, muka bar huda a tsakiya. Bayan mako guda ana ba su ruwa, aka zura su a ringi kafin a rufe. Sun yi kyau, kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Injiniya Kaduna: Wannan aiki ne mai kyau, wasu ma sun fi son ta kankare a kan ta roba. Sai dai shi an riga an ɗaure kejinsa, sai an kwance ringi, kuma abin da aka buga yau ba zai yi ƙwari kafin Litinin ba. Ko ya ɗaga ranar, ko ya sayi mai maƙalawa.

Mai Albasa: Ɗaga rana kuma masu injin sun ce kuɗin zaman banza zan biya. Har yanzu ban san wanne ya fi sauƙi ba.

Abu Hanifa Ajah: Ka ce kai ka sayi rodin? Ka auna shi? Domin ni bayan duk abin da ya faru, da aka zo dakin aka gano rodi mai kaurin milimita 16 ɗin da aka kawo mana bai cika ba.

Maman Khalil: Wannan ita ce cutar da ta fi yawa. Sandar mai 16, in ta cika mita 12, nauyinta kusan kilo 19 ne, tan ɗaya sanda 52 zuwa 53. Mai 12 kuwa kilo 10 da rabi da ɗan ɗoriya, tan ɗaya 93 zuwa 94. Ɗauki sanda ɗaya ka ɗora a sikeli, ba sai an yi musu ba. Wani kuma kaurin ya cika amma tsawon an gutsure.

Auwalu Kayan Gini: Hajiya a yi mana adalci. Mu ba mu ke narka ƙarfe ba, yadda aka kawo daga masana'anta haka muke sayarwa. Kuma mai saye ne da bakinsa zai ce a ba shi mai sauƙi. Ka nuna masa cikakke ka faɗi kuɗi, ya juya ya tafi shagon gaba. Ina hukumar kula da ingancin kaya ta SON take da ba ta tare abin tun daga ƙofar masana'anta?

Bakano Na Asali: To me ya sa ba kwa rubuta "mara cika" a rasit?

Auwalu Kayan Gini: Kai kana rubuta "ta kwana biyu" a jikin kayan shagonka?

Ɗan Agege: Ni an taɓa kawo min rodin da muna lanƙwasa ringi yana karyewa kamar rake. Na mayar, mai shagon ya ce wai mai ɗaurin ne hannunsa ya yi nauyi. Sanda 30 har yau suna bayan gida, kuɗina kuma sai dai a lahira. Auwalu, in cikakken kake da shi, nawa tan na mai 16 yau, kuma za ka yarda a auna a gabanka kafin a sauke daga mota?