Wane famfo zan ɗaura wa lodar tsohuwar Massey 135?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Tarakta ce muka gada a wurin Baba, Massey Ferguson 135 mai injin Perkins silinda uku. Bara aka ɗaura mata loda a gaba don kwasar takin shanu da ƙaiƙayin shinkafa, aka haɗa da famfon haidirolik na ciki, wanda yake ɗaga garma. Tana ɗagawa kam, amma kafin bokitin ya kai bakin tifa sai ku gama gaisawa da mutum har ku tambayi iyali. Kuma da na taka kuloci har ƙasa sai ta tsaya cak. Na leƙa Ƙofar Ruwa, wani ya nuna min ƙaton famfo na gwanjo da aka ciro daga katafila, ya ce shi ne maganin abin. In saya?

Bakanike Mai Tarakta:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, riƙe kuɗinka tukuna. Famfon ciki lafiyarsa ƙalau, don garma aka yi shi, man da yake turawa bai kai lita 20 a minti ba. Tsayawar kuma saboda ta bayan kuloci yake samun juyi.

Abin da muke yi shi ne a ɗaura ƙaramin famfo mai haƙora a gaba, a haɗa shi da fulin karanshaf, a yi masa tankinsa daban. Muddin inji na aiki, mai na tafiya, ko ka taka kuloci ko ba ka taka ba. Duba jikin famfon, akwai lambar cc, wato yawan man da yake turawa a juyi ɗaya. Mai 16cc, in inji yana juyi 2000 a minti, zai ba ka kusan lita 32. Ya ishi lodarka. A matsin bar 170 (bar ma'aunin matsin mai ne) ƙarfin doki kamar 12 zai ci daga injin. Amma a ce na katafilar nan 60cc ne, lita 120 ke nan, wajen doki 45 yake nema. Ai kusan ƙarfin injin naka gaba ɗaya ke nan. Kashe ta zai riƙa yi, man ya yi zafi, tiyo ya fashe. Girman famfo sauri yake ƙarawa. Ƙarfin ɗagawa yana wurin matsi da faɗin silindar da take ɗaga lodar.

Abban Yara:
Malam ya gama magana. Ƙari ɗaya: ka tabbatar da ɓangaren da famfon yake juyawa, dama ko hagu. In aka ɗaura shi a baibai, tashin farko sil zai ɓalle. Tiyon da yake zuƙo mai daga tanki ya zama mai faɗi, gajere, kuma kada a yarda a haɗa ba bawul ɗin rage matsi. Filta ma dole, ƙurar hunturun Kano ba ta raga wa haƙoran famfo.

Dattijon Kadawa:
Yaro, Allah ya jiƙan mahaifinka. Ni gaban motar nake ji maka. Sitiyarinta na hannu ne ko? Bokiti cike da jiƙaƙƙen taki zai danne ƙafafun gaba, baya ya yi sakayau. Rataya mata nauyi a baya, ko rabin duro da aka cika da kankare. Kuma kada ka yi tafiya bokiti yana sama, musamman a gefen kwalbati.

Ɗan Kurna:
Amin Baba, na gode. Na hannu ne, kafaɗuna sun shaida. Malam Bakanike, tankin fa, lita nawa zan sa a ƙera?

Bakanike Mai Tarakta:
Kusan abin da famfon yake turawa a minti ɗaya, lita 30 zuwa sama. Ka ce wa mai walda ya wanke cikinsa tas kafin a zuba mai.