Yadda zan cire tsohon fanish daga katakon Marsandi ba tare da na lalata shi ba

Salamu alaikum. Kafintoci da masu gyaran tsofaffin motoci, ina neman shawararku.

Motar Marsandi 280E ce ƙirar W123, ta 1982. Katakon da ke jikin dashbod da kewayen giya na zebrano ne, mai ratsin duhu da haske, icen da ake samu a dazuzzukan Kamaru da Gabon. Fanish ɗin da ke kansa ya yi rawaya, ya tsattsage, kusa da wurin zuba tokar sigari har ya fara ɓamɓarewa. Rana da hunturu ne suka yi masa haka.

Inda na maƙale shi ne cire shi. Na shafa tina, ko gezau. Fanish ɗin kamfani na foliyesta ne, mai kauri, idan ya daskare tina ba ta narkar da shi. Samfefa kuma tsoronta nake ji, domin zebranon falle ne siriri da aka manna da gam, bai kai kaurin milimita 1 ba. Kana ɗan matsa hannu a gefe sai ka huda shi, ratsin nan ya tafi ke nan. Wani fenta ya ce in gasa shi da na'urar hura zafi in kankare. To, zafin ba zai saki gam ɗin da ke riƙe da fallen ba?

Wanda ya taɓa yi da hannunsa, don Allah wane irin zafi ya isa, kuma da me kuka kankare? Bayan nan, fanish mai haɗi biyu na mota, wanda ake gauraya shi da sinadarin daskararwa, zai jure zafin Afrilu a rufaffiyar mota? Ba na son leda mai zanen katako, na ainihin nake so ya dawo.