Tsatsa a birkin hannu na manyan motoci: abin da aka tattauna

An tattauna kan yadda tsatsa ke lalata birkin hannu na manyan motoci da yadda za a magance ta. Zancen ya yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda cewa rashin amfani ne ya fi kashe birkin hannu. Ruwa da laka su shiga rigar wayar da ke jan birkin, tsatsa ta ci ta, sai ranar da aka ja ta ƙi sakuwa ko ta tsinke. Inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, abin ya fi muni.

2. Alamomi: ƙauri daga tayar baya, mota ta yi nauyi, ko ta gangara alhali an ja birki.

3. A nan aka rabu. Wasu sun ce a fesa wa wayar mai, a shafa giris, za ta warware. Makanikai da dama sun ce yaudarar kai ce, domin tsatsar tana ciki, kuma idan mai ya taɓa takalmin birki (abin da ke matsewa ya tsayar da taya) ya lalace. Ni dai na fi karkata ga na biyun.

4. Kuɗi: wayar ba ta da tsada sosai, aikin ne ke cin kuɗi, musamman idan kusoshi sun kafe ko farantin bayan taya ya ruɓe. Canza ɓangare ɗaya ko duka biyu? Ba a daidaita ba.

5. Masu birkin iska sun yi gargaɗi: kar a buɗe tukunyar birkin da ta yi tsatsa, ƙarfin sifirin ɗin da ke matse a cikinta na iya kisa. A canza ta ɗungurungum.