Wane suna za mu ba CV da Hausa?

Assalamu alaikum. Malamai da 'yan'uwa masu nazarin Hausa, ina roƙon mu tsayar da magana a kan takardar nan da matasanmu suke kira sibi, wato CV, domin duk shekara Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato suna yaye ɗalibai, kuma da zarar sun gama bautar ƙasa ita ce abin da mai ɗaukar aiki yake fara tambaya.

Asalin kalmar daga Latin ne, curriculum vitae, wato tafarkin rayuwa. Amurkawa sun fi cewa résumé, kalmar Faransanci mai nufin taƙaitawa. Larabawa kuma suna cewa sira zatiyya, amma a kunnen Basakkwace sira ta Manzon Allah (SAW) ce, don haka a bar ta a muhallinta.

Wasu sun kawo "tarihin rayuwa", kuma a nan ne nake da ja. Suna yana koya wa mutum abin da zai rubuta. Yaron da aka ce ya kawo tarihinsa zai tafi shagon buga takardu ya cika shafi uku, ya faro daga unguwarsu da firamaren da ya yi, har da wasannin da yake so, sannan ya binne horon sanin makamar aiki na ɗalibai (SIWES) da ya yi a can ƙasan shafi na ƙarshe, alhali shi ne kaɗai aikin da ya taɓa yi da hannunsa. "Takardar neman aiki" kuwa tuni tana da ma'anarta, "takardun shaida" su ne na kammala karatu.

Shawarata ita ce "takardar cancanta". Wanda ya ji wannan suna ya san hujja ake nema: digirinsa da shekarar kammalawa, binciken da ya yi a ajin ƙarshe, da inda ya yi bautar ƙasa, duka a shafi ɗaya. Maimakon ya ce shi mai himma ne, sai ya rubuta cewa ya koyar da lissafi a aji biyu na sakandare tsawon shekara guda, kuma shi ya riƙe rajistar sakamakon jarrabawa.

Wasiƙar da ake haɗawa da ita kuma, wadda ake kira cover letter da Turanci, kada mu fassara ta da "murfi", domin ba ta rufe komai. Ina ganin "wasiƙar rakiya" ta fi dacewa. Aikinta ta ambaci gurbin da ake nema da inda aka ga tallarsa, ta zaɓi abu ɗaya ko biyu daga takardar cancanta ta nuna amfaninsu ga wannan ma'aikata, shi ya sa kowace ma'aikata sai an rubuta mata tata.

Saura doguwar sibin da malaman jami'a suke jera wallafe-wallafensu a ciki. Ko "cikakkiyar takardar cancanta" za ta wadatar? Malaman sashen harsunan Nijeriya, muna sauraronku.