Shekarun aro: ana lissafa su a ƙarin girma kuwa?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikata. Ina mataki na 10 a wata ma'aikatar tarayya, sai wata hukuma ta nemi a ba ta arona na shekara biyu. Albashin can ya fi tsoka, amma baɗi nake cika shekara uku a matakina, ina sa ran hawa 12. In na tafi, shekarun can za a lissafa mini, ko sun tafi a banza? Don Allah wanda ya taɓa zuwa aro ya ba mu labari.

Maman Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Ni an lissafa mini, amma da ƙyar. Lokacin da sunayen masu jarrabawar ƙarin girma suka fito babu nawa. Na je rajista, wani dattijo ya zaro fayil ɗina daga ƙasan tari, ya kaɗe ƙura, muka buɗe tare. Takarda ta ƙarshe a ciki ita ce ta ranar da aka sallame ni zuwa aro. Fom ɗin APER, wato na auna ƙwazon ma'aikaci duk shekara, na shekara biyun da na yi, duk da shugabana na can ya cike ya sa hannu, yana kwance a durowar sakatariyarsa, ba wanda ya aiko. Su kuma masu tantancewa na shekara uku suke nema. Sai da na ɗauko da hannuna, na haɗa da wasiƙa, sannan aka sa ni a zagaye na gaba. Shekara guda cur ta wuce ni, kuma har yau abin yana mini ciwo, domin aikin na yi shi.

Tsohon jami'in mulki: Malam Baban Ummi, kafin komai ka karanta yadda aka rubuta takardarka. Dokokin Aikin Gwamnati, na 2008 da aka sabunta a 2021, sun raba aro gida biyu. In gwamnati ce ta tura ka don amfanin jama'a, kujerarka tana nan, ƙarin albashin shekara da ƙarin girma duk haƙƙinka ne, kamar kana aiki na musamman. In kai ka nema, shekara biyu ce da farko, a iya sabuntawa, amma kada jimilla ta haura huɗu. Daga nan ko ka dawo, ko ka nemi a mayar da kai can gaba ɗaya. Wa'adin zama a mataki bai canja ba: shekara biyu ga 06 zuwa ƙasa, uku daga 07 zuwa 14, huɗu daga 15 zuwa 17. Sai dai cika wa'adi ba ya nufin an ba ka. Sai da gurbi, sai ka ci jarrabawa. A zamana a ofis, yawancin waɗanda na ga sun yi asara ba doka ce ta cuce su ba. Tafiya suka yi da izinin baka na darakta, daraktan ya yi ritaya, aka rasa mai shaida.

Abu Hafsat: Ranka ya daɗe, kamar da ni kake. Na zarce shekara huɗu ban sabunta ba, da na dawo aka ce rarar ba ta cikin lissafi, har da takardar tuhuma. Yaran da na koya wa aiki yanzu su nake kai wa fayil.

Hajiya Inna: Ni da na dawo an daidaita ni da tsararrakina, amma ƙarin girma na takarda ne: matsayi ya dawo, ariyas ko sisi. Kuma muƙamin da hukumar can ta ba ni, a can na baro shi. Ƙanena, kada babban ofis da mota su ruɗe ka, uwar ma'aikatarka ce mai ba ka girma.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri. Na duba wasiƙar, ba a faɗi ko don amfanin jama'a ba ne ko buƙatata ce. Gobe in sha Allahu zan koma wurin daraktan mulki a gyara kafin in sa hannu. Ranka ya daɗe, in jarrabawa ta zo ina can, ta hannun wa sanarwa za ta iso ni?

Tsohon jami'in mulki: Ta uwar ma'aikatarka za ta bi, kuma sau da yawa a allon sanarwa take tsayawa. Ka bar lambarka a rajista, ka riƙa leƙowa duk farkon shekara.