Wa ya taɓa aiki da retinal mai lamba? A ba mu labari

Bashiru: Assalamu alaikum. Ina shirin digiri na biyu nan Sakkwato kan rhodopsin, furotin ɗin ido da ke sa mu gani da dare. Malamina ya ce mu yi odar retinal, sinadarin da ke kama haske cikin rhodopsin, wanda anka saka wa carbon-13, wani nau'in carbon da ke zama mishi lamba, don na'urar NMR, mai duba siffar sinadarai da maganaɗisu, ta bi sawunsa cikin furotin. Waɗanda sunka taɓa riƙe shi, mi ya kamata in sani?

Malama Hadiza: Wa'alaikumussalam. Ka kiyayi haske, Bashiru. Retinal daga bitamin A yake fitowa, kuma siffar 11-cis da ido ke aiki da ita, haske na taɓa ta sai ta miƙe ta koma all-trans. Cikin ido aikinta ke nan, cikin kwalba kuwa asara ce. Da nike karatu waje, jar fitila mai dishi-dishi kaɗai muke kunnawa, kwalabe duk naɗe da takardar aluminiyam. Rannan wani ya faɗo ɗakin da fitilar waya yana neman makulli. Rhodopsin ɗinmu jajir ya koɗe gaban idonmu. Munka kai shi na'urar auna hasken da yake sha, alamar rhodopsin ta 500 nanomita ta ɓace, sai ta 380 mai nuna ya koɗe.

Usman: Ni wahalata idanun shanu ce, tunda daga su ake ciro furotin ɗin. Da asuba nike zuwa mahauta da kula cike da ƙanƙara, a zuba a rufe nan take. Wani dattijo ya ce, “Yaro, haɗin wane malami ne wannan?” Na ce na dundumi ne, Baba. Ya ce ai hanta ake ci. Bai yi kure ba, a hanta jiki ke tara bitamin A. Su George Wald, masanin kimiyyar da ya samu lambar yabo ta Nobel a 1967 dalili sunka bayyana.

Dokta Aminu: Duk sun faɗi gaskiya, amma ni ajiya ta fi damuna. Iska ma na lalata shi, shi ya sa ake hura argon, gas ɗin da ba ya lalata shi, cikin kwalbar kafin a sa ta firiza. Na ga retinal ɗinmu ya tashi aiki cikin Afrilu, an ɗauke wuta kwana da kwanaki, janareta ba mai. Kada malaminka ya biya ko sisi sai firizar na kan sola, kuma kun san inda za a yi muku awon NMR ɗin.

Bashiru: Na gode ƙwarai. Yaya Usman, ido nawa ke isa gwaji guda?

Usman: Ka same ni gobe bayan sallar asuba, ka taho da baƙar leda.